Memori na nan amma kanel ya ce babu: ƙara RAM, gyara saiti, ko sake kunnawa?

Duk mai kula da sabar Linux da ke yin makonni ba a kashe ta ba, wata rana zai rubuta dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, wato zuciyar Linux mai raba wa manhajoji memori da sauran kayan na'ura, ya ga layi yana cewa page allocation failure: order:4, ƙarƙashinsa jerin lambobi har sun cika allo. Ya duba free -m ya tarar da sauran memori ɗaruruwan megabait. Abin da ke fara zuwa masa a zuciya shi ne ya shiga kasuwa ya nemo sandar RAM ya ƙara. Wani lokaci maganin ke nan. Sau da yawa kuwa kuɗi ne kawai za su fita, saƙon ya ɗan lafa, sannan ya dawo kamar ba a yi komai ba.

A nan arewacin Kamaru matsalar ta fi fitowa fili a 'yan shekarun nan, kuma wuta ce sila. Lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka yi ta rabon wuta a Garwa da Marwa da Ngaundere, kwamfuta ba ta samun kwana biyu a kunne, kuma duk sanda ta mutu ta tashi memorinta ya koma sabo fil. Yanzu masu shagon intanet, masu sayar da Wi-Fi a unguwa, makarantu da ƙananan asusun ajiya da yawa sun sa sola da batir, na'ura tana iya yin watanni ba ta huta ba. Ciwon da ɗauke wuta ke rufewa sai ya bayyana. 'Yan'uwanmu na Kuseri da Njamena da suka koma sola su ma abin da suke gani ke nan.

Kafin a zaɓi magani sai an san yadda kanel ke rabon memori. Yana yanka RAM gida-gida, kowane gida ana kiransa shafi, girmansa kilobait 4 a kan kwamfutocin da muka saba da su. Manhajoji irin su burauza ba ruwansu da inda shafukansu suke, domin na'urar sarrafawa tana haɗa musu su a jere ko da a warwatse suke a zahiri. Amma kanel da kansa, da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tuƙa sassan na'ura, irin na katin sadarwa, da na USB, da na kyamara, wani lokaci suna bukatar shafuka da ke manne da juna a zahiri. Lambar da ke gaban order ita ce ke faɗin yawan da aka nema, kuma ninki take tafiya: 0 shafi ɗaya ne, 1 shafi biyu, 2 huɗu, 3 takwas wato kilobait 32, 4 kuma goma sha shida wato kilobait 64. Wannan lamba ita za mu riƙa kira mataki. Mataki na 9 megabait 2 ne, na 10 megabait 4, kuma nan ne iyaka a yawancin kwamfutoci. Dabarar tsohuwa ce, Harry Markowitz ya ƙirƙiro ta a 1963, Kenneth Knowlton ya bayyana ta a rubuce a 1965. Idan aka nemi ƙaramin yanki sai a raba babba biyu, a ba da rabi a ajiye rabi. Idan aka dawo da yanki, kanel zai duba ko ɗan tagwayensa ma a sake yake, in haka ne ya haɗe su su koma babba. Matsalar ita ce idan shafi ɗaya tak a cikin goma sha shida yana hannun wani, sauran goma sha biyar ba za su taɓa zama yankin kilobait 64 ba.

Kamar sahu ne a masallacin Juma'a. Za ka iya ganin gurabe da yawa, nan wurin mutum ɗaya, can wurin mutum ɗaya, amma mutum huɗu da ke son tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba su da wuri. Idan aka ce a matsa a cike gurbi sai fili ya buɗe a gefe, amma ginshiƙi ba ya matsawa. A cikin memori ma akwai shafukan da ke motsuwa, su ne na manhajoji da na ajiyar fayiloli ta wucin gadi, akwai kuma na kanel da ba a iya ɗaga su daga inda suke.

Ana ganin wannan da ido a /proc/buddyinfo. A ce ka buɗe ka ga layi kamar haka:

Node 0, zone Normal 41200 18350 2900 64 0 0 0 0 0 0 0

Lambar farko yawan yankunan kilobait 4 ne da ke sake, ta biyu na kilobait 8, ta uku na 16, ta huɗu na 32. In ka lissafa za ka samu kusan megabait 350 babu mai amfani da su. Amma daga gida na biyar zuwa ƙarshe sifili ne. Direban da ya nemi kilobait 64 a jere zai koma hannu rabbana, alhali memori na nan jibge. Wannan layi, da kalmar da ke bayan mode a cikin saƙon, da sunan da ke bayan zone, wato yankin RAM ɗin da abin ya faru, su ne za su gaya maka wane magani ya dace da kai. Idan ka ga GFP_ATOMIC, ko 0x20 a tsofaffin kanel, to mai neman yana cikin gaggawa ne, kamar katin sadarwa da saƙo ya shigo masa, ba zai iya jira a share masa wuri ba. Idan GFP_KERNEL ne, ko 0xd0 a tsofaffi, to ya jira, kanel ya yi iya ƙoƙarinsa, abin ya faskara. Kanel yana ɗaukar duk abin da ya haura mataki na 3 a matsayin bukata mai tsada, ba ya nacewa a kanta sosai, kuma ba ya kashe wata manhaja domin ya biya ta.

Bari mu fara da ƙara RAM tunda shi ne ke cin kuɗi. Yana da amfani na gaske idan memori ne ya yi kaɗan. Alamar haka ba a layin free take ba, domin Linux yana cika duk memorin da ya samu da ajiyar fayiloli, ko ka ba shi gigabait 64 zai cika su. Ka duba MemAvailable a /proc/meminfo, layin da aka ƙara tun kanel 3.14. Idan kullum yana ƙasa-ƙasa, faifai yana ta gurnani, kuma kana ganin Out of memory: Killed process, to babu wani saiti da zai maye gurbin RAM, ka saya kawai. Haka kuma ƙarin RAM yana jinkirta wargajewa, wato watsewar guraben memori ƙanana-ƙanana, domin shafukan da ba sa motsi suna ɗaukar lokaci mai tsawo kafin su bazu ko'ina. Jinkiri ne dai, abin da ke yayyafa su yana nan yana aikinsa.

Akwai kuma tarkon da na fi son 'yan'uwa su lura da shi, domin yawancin na'urorinmu na gwanjo ne kuma da yawa an ɗora musu tsarin bit 32 tun shekarun baya ba a sake taɓawa ba. A kanel na bit 32, komai yawan RAM ɗinka, kusan megabait 896 na farko ne kawai kanel ke iya ajiye kayansa a ciki kai tsaye. Sauran na manhajoji ne da ajiyar fayiloli. Kowane shafi na RAM kuma yana da ɗan rajistarsa mai bait 32 ko fiye, kuma a cikin wancan ƙaramin yanki ake ajiye rajistar. Ka sa gigabait 16, shafuka sun haura miliyan huɗu, rajistarsu kaɗai ta cinye aƙalla megabait 128 daga cikin 896. Wato ka kashe kuɗi ka ƙara matse wurin da tun farko shi ne ya yi ƙunci. Ka rubuta uname -m, in ka ga i686 to kana cikin wannan hali. Sannan ka rubuta lscpu, domin na'urori da yawa tun zamanin Core 2 Duo suna iya ɗaukar bit 64. In taka tana iyawa, sake ɗora tsarin bit 64 ya fi kowace sandar RAM amfani, kuma ba ya cin ko dala sai lokacinka da datar saukewa. Debian ma daga fitowa ta 13 a 2025 ta daina fitar da kanel na bit 32 don irin waɗannan kwamfutoci, saboda haka hanyar can ta kusa ƙarewa.

Ko a bit 64 sai ka duba sunan yankin. DMA shi ne megabait 16 na farko, DMA32 shi ne abin da ke ƙasa da gigabait 4, Normal kuma abin da ya haura. Wasu tsofaffin katuna ba sa iya kaiwa sama da gigabait 4. Idan a DMA32 abin ke gazawa, RAM ɗin da ka ƙara a sama ba zai faɗaɗa musu wuri ba, sai dai ya rage masu yi musu cunkoso.

Zaɓi na biyu shi ne vm.min_free_kbytes, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu Wi-Fi da shagunan intanet. Wannan adadin memorin da kanel ke ɓoyewa ne saboda masu gaggawa. Lissafinsa na asali ɗan kaɗan ne: na'ura mai gigabait 1 tana samun kusan megabait 4, mai gigabait 4 tana samun megabait 8, sai dai inda manyan shafuka na atomatik ke kunne (za mu zo kansu a gaba) kanel yana ɗaga shi zuwa wajen megabait 66. Ka yi tunanin bayan sallar isha'i, samarin unguwa duk sun hau bidiyo lokaci guda, saƙonni suna kwararowa katin sadarwa da sauri fiye da yadda kswapd, ma'aikacin kanel mai share memori, zai iya buɗe wuri. Ajiyar ta ƙare, sai ka ga order:0 tare da GFP_ATOMIC. Wannan ba wargajewa ba ce sam, shafi ɗaya aka nema aka rasa, rumbun gaggawa ne ya yi ƙanƙanta. Ɗaga adadin yana sa kswapd ya farka da wuri, kuma yana barin fili mai yawa da tagwaye za su iya haɗuwa, saboda haka yana taimaka wa mataki na 1 da na 2 ma.

Kuɗinsa shi ne memorin da ka ɓoye ya fita daga hannun manhajoji. A na'ura mai gigabait 4, megabait 64 ko 128 ba za a ji su ba. A kan rauta mai megabait 128 gaba ɗaya, in ka ɓoye 64 ka yanka wa kanka wuya, kuma takardun kanel da kansu sun yi gargaɗin cewa in adadin ya yi yawa na'ura za ta fara kashe manhajoji nan take, in kuma ya gaza kilobait 1024 tana iya sandarewa a ƙarƙashin nauyi. Ni dai shawarata a ninka abin da aka tarar, a jira a ga cunkoson dare biyu ko uku, in saƙon bai daina ba a sake ninkawa. Daga kanel 4.6 na 2016 akwai ƙaninsa, vm.watermark_scale_factor, wanda asalinsa 10 ne, wato kashi 0.1 cikin ɗari na memori. Shi yana sa kswapd ya fara aiki da wuri ya kuma daɗe yana yi, ba tare da ya kulle memorin a rumbu ba. Ga sabar mai RAM da yawa na fi son a fara da shi, a kai shi 100 ko 200, kafin a taɓa wancan. Duk wanda ka canza ka rubuta shi a cikin /etc/sysctl.d, in ba haka ba da an sake kunnawa ya tafi.

Abin da waɗannan biyu ba sa iyawa shi ne samar da kilobait 64 ko 128 a jere a cikin memorin da ya riga ya yi kaca-kaca. Nan ne tattarawa ke shigowa. Mel Gorman ne ya yi yawancin wannan aiki: a kanel 2.6.24 na 2008 aka fara ware shafuka masu motsi daban da marasa motsi a cikin unguwanni masu megabait 2, a 2.6.35 na 2010 kuma aka kawo tattarawa. Yadda take aiki, mai bincike ɗaya yana tasowa daga ƙasan yanki yana neman shafukan da ke motsuwa, ɗaya yana saukowa daga sama yana neman gurabe, ana kwashe na ƙasa ana zubawa a sama har su haɗu. Kana iya sa ta da hannunka: echo 1 > /proc/sys/vm/compact_memory. Ka duba buddyinfo kafin ka yi da bayan ka yi. Wannan gwaji na daƙiƙa kaɗan ya fi dogon tunani amfani. Idan gidajen ƙarshe sun cika da lambobi, to shafuka masu motsi ne suka watse, kuma kanel mai kcompactd, wanda ya zo a 4.6, ko mai vm.compaction_proactiveness, wanda ya zo a 5.9 na 2020 da asalin 20, zai riƙa yi maka wannan aiki da kansa. Kana iya ɗaga 20 ɗin, amma na'urar sarrafawa ce za ta biya, kuma a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, ƙarin aiki ƙarin zafi ne. Idan kuwa ka tattara sifilan suna nan daram, to marasa motsi ne suka yi kane-kane, kuma /proc/pagetypeinfo zai nuna maka yawan unguwannin da suka mamaye a ƙarƙashin Unmovable.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu wadda ba na goyon baya: a sa cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara masa, ya riƙa rubuta 3 a /proc/sys/vm/drop_caches kowace awa. Gaskiya ne lambobin free suna kyau bayan an yi, har buddyinfo ma yakan ɗan gyaru. Amma abin da ka zubar shi ne duk fayilolin da kanel ya riga ya karanto ya ajiye kusa, yanzu sai ya koma faifai ya sake ɗebo su ɗaya bayan ɗaya, kuma tsohon faifai mai juyawa ba ya sauri. Ɗalibai a ɗakin kwamfuta za su ji na'ura ta yi nauyi duk bayan awa ba su san dalili ba. Takardun kanel ma don gwaji suka ce a yi amfani da shi. In ajiyar sunayen fayiloli ce ta kumbura, kuma slabtop ya nuna dentry da inode a saman jeri, gara a ɗaga vm.vfs_cache_pressure sama da 100 ɗinsa na asali, kanel ya riƙa rage su a hankali.

Manyan shafuka kashi biyu ne kuma mutane suna cakuɗa su. Na atomatik, waɗanda Andrea Arcangeli ya kawo a 2.6.38 na 2011, suna ƙoƙarin ba manhaja megabait 2 a dunƙule. In ba a samu ba sai a koma ƙananan shafuka shiru, babu saƙon gazawa. Illarsu ita ce tsaiko: manhaja ta tsaya cik tana jiran a tattara mata wuri. Idan sabar tana yin ɗif na ɗan lokaci sannan ta ci gaba, kuma compact_stall a /proc/vmstat yana ta hawa, ka duba /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled da defrag da ke kusa da shi. Mayar da su madvise yana nufin sai manhajar da ta roƙa ake ba. Masu rumbunan bayanai na Redis da Oracle sun yi shekaru a baya suna shawartar a kashe su. Kashi na biyu su ne waɗanda kake warewa tun lokacin tashi da hugepages= a layin kunna kanel. A lokacin memori bai wargaje ba, saboda haka samunsu tabbas ne, guda 512 gigabait 1 ke nan. Ga asusun ajiya mai PostgreSQL, ko mai gudanar da kwamfutocin KVM a cikin sabar guda, wannan hanya ce mai kyau ƙwarai. Sharaɗinta ɗaya, abin da ka ware ya fita daga hannun kowa, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. A na'ura mai gigabait 4 da ke aikin komai da komai, ban ga dalilin yin haka ba.

Masu haɗa kyamarar tsaro a kan Raspberry Pi da makamantansa nasu daban ne. Kyamara da sashen hoto suna bukatar megabait da yawa a jere, abin da tsarin tagwaye ba zai iya bayarwa ba tunda iyakarsa megabait 4 ce. Don su aka yi CMA, wanda ya shiga kanel 3.5 a 2012: ana ware fili, ana ara wa shafuka masu motsi, in kyamara ta nema a tashe su. In saƙonka yana ambaton cma_alloc, girman wannan fili za ka ƙara, sauran saituna ba su shafe ka ba.

Duk waɗannan ƙoƙari ne na samar wa mai nema abin da ya nema. Akwai wata hanya da na fi ganin ƙimarta, ita ce a duba wane ne mai neman, a sa ya rage buri. Ƙarƙashin saƙon akwai Call Trace, jerin sunayen ayyukan da suka kai ga bukatar, kuma ko ba ka iya karanta lambar kanel ba za ka gane sunan direba a ciki. Misali na kusa shi ne MTU, wato iyakar girman saƙo ɗaya, a bait, da katin sadarwa ke aikawa. Wani ya karanta cewa 9000 ya fi 1500 sauri sai ya sa, alhali wasu tsofaffin direbobi sai sun nemi kilobait 16 ko 32 a jere domin kowane saƙo mai wannan girma, kuma cikin gaggawa. A hanyar sadarwar shago ko makaranta, inda intanet ɗin da ke shigowa shi ne mai jan ƙafa, 9000 ba ta ƙara maka komai. Ka mayar 1500 saƙon gazawar ya ɗauke. Misali na biyu na masu Wi-Fi ne. Kowace haɗuwa da abokin ciniki ya buɗe, kanel yana rubuta ta a teburin nf_conntrack, a cikin shafuka marasa motsi, kuma asalin wa'adin haɗuwar TCP da ta kafu daƙiƙa 432000 ne, kwana biyar cur. Mutum ya sayi awa ɗaya ya tafi gida, wayarsa ta fita ba sallama, rubutunsa yana nan yana riƙe da wuri. Rage nf_conntrack_tcp_timeout_established zuwa awa ɗaya ko 'yan awanni yana rage tarin.

Sabunta kanel ma a wannan layi yake, domin shekara da shekaru masu aikin kanel suna rage wuraren da ke neman manyan yankuna. Daga 4.9 wurin aikin da kanel ke ware wa kowane zaren manhaja a bit 64 ya daina bukatar kilobait 16 a jere, daga 4.12 kuma aka kawo kvmalloc, wanda in bai samu a jere ba yake haɗa warwatsattsu ya ci gaba. Wanda ke kan CentOS 7 mai kanel 3.10, wanda tallafinsa ya ƙare a watan Yunin 2024, in ya koma Debian 12 mai 6.1 ko Ubuntu 24.04 mai 6.8 ya samu gyare-gyaren shekara goma a tashi ɗaya. Wahalarsa a bayyane take: data mai tsada, musamman a Chadi, da fargabar kada tsohuwar manhajar lissafi ko firinta ta ƙi aiki. Ka gwada a wani faifai daban kafin ka taɓa na aiki.

Game da zram, yana matse shafukan manhajoji a cikin RAM, kuma yana taimakon na'urar da memorinta ya yi kaɗan fiye da musanya (swap), wato kwashe shafuka zuwa tsohon faifai. Ba ya taɓa shafukan kanel, saboda haka kada ka sa rai zai warware order:4.

Wani lokaci kuma abin da ya dace shi ne kada a yi komai. Saƙon gargaɗi ne, ba hukuncin kisa ba. In ya fito sau ɗaya a mako daga katin sadarwa, saƙo ɗaya ne ya faɗi, TCP ya sake aiko shi, babu wanda ya ji a jikinsa. Sai in yana zuwa da yankewar Wi-Fi, ko USB ta ƙi hawa, ko manhaja ta ƙi tashi, sannan ya cancanci a ɓata masa dare.

To, wa zai ɗauki wanne? Mai rauta ko ƙaramar kwamfutar Wi-Fi, wanda ke ganin GFP_ATOMIC da mataki 0 zuwa 2 a lokacin cunkoso, ya duba MTU da wa'adin conntrack, sannan ya ɗaga min_free_kbytes daidai ƙarfin na'urarsa. RAM ba ita ce farkon abin da zai saya ba, yawancin rautoci ma ba a ƙara musu. Mai sabar makaranta a kan tsohuwar kwamfuta ya fara da uname -m, in i686 ne ya ajiye duk wani saiti ya shirya komawa bit 64, in kuma x86_64 ne MemAvailable zai gaya masa ko kasuwa za shi. Mai rumbun bayanai da ke fama da tsaiko ya mayar da manyan shafuka na atomatik madvise, ya ware na dindindin tun tashi gwargwadon abin da rumbun ke ci.

Saura mutum ɗaya, wanda babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi masa aiki. Ka riƙa rubuta SUnreclaim na /proc/meminfo, wato memorin da kanel ya riƙe wanda ba a iya ƙwato shi, kowace safiya. A na'ura mai lafiya yana hawa ya tsaya, ya ɗan sauka ya ɗan hau. In naka kullum sama yake yi ba ya dawowa ko da dare ya raba babu kowa a layi, to wani direba ne ke karɓar memori ba ya mayarwa, kuma sau da yawa irin direbobin adaftar Wi-Fi ta USB ne da aka sauko daga waje aka haɗa da hannu. Tattarawa ba ta motsa abin da ya riƙe, rumbun gaggawa ma direban zai cinye shi, ƙarin RAM kuma ƙarin kwanaki ne kawai kafin a koma gidan jiya. A nan sake kunnawa bisa tsari ba abin kunya ba ne, aiki ne na mai hankali: ka duba kwana nawa na'urar ke yi kafin gidajen ƙarshe na buddyinfo su zama sifili, ka sa cron ya sake kunna ta kafin lokacin, wajen ƙarfe uku na dare sa'ad da babu mai ciniki, ka kuma tabbata duk manhajojinka suna tashi da kansu ba sai ka zo da safe ba. Kafin nan kana neman adaftar da direbanta ke cikin kanel tun asali, in ka samu ka cire wancan layi daga cron ka ga ko SUnreclaim zai tsaya wuri ɗaya.